Aikin gidan ɗan aji ɗaya: na yaro ne ko na uwarsa?

Maman Sadik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum iyaye da malamanmu na wannan zaure. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa in samu mai haska min. Ɗana Sadik shekararsa shida, bana ya shiga aji ɗaya a wata makarantar kuɗi nan kusa da mu. Bakwai da rabi yana makaranta, ba ya dawowa sai wajen ƙarfe biyu. Ya ci abinci, ya ɗan huta, la'asar na yi sai Islamiyya har dab da magariba. Bayan isha'i kuma mu zazzage jaka: Turanci, lissafi, rubutun hannu shafi biyu, ga wasu littattafai biyu na gwajin basira da ko babba sai ya yi dogon tunani kafin ya gane me ake so. Ga haddar Islamiyya tana jira. Yaro na rubutu yana gyangyaɗi, fensir na zamewa daga hannunsa.

Ba zan ɓoye muku ba, sau da yawa ni nake ƙarasa masa. In barci ya kwashe shi sai in ɗauki fensirin da hannun hagu in rubuta, don kada a dake shi da safe. Jiya kuma malamarsu ta rubuto da jan biro cewa iyaye su riƙa zama da yara kullum suna sa hannu a ƙasan aiki. To tambayata biyu ce. Tsakani da Allah, me ake so ɗan shekara shida ya iya a aji ɗaya? Ni kuma uwa, a ina nawa aikin ya tsaya, na malama ya fara?

Baban Ummi, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, gara da kika taɓo wannan. Ni dai abin da na sani, na biya kuɗin makaranta, na sayi yunifom da littattafai, kullum ina ba da kuɗin tara da na keke. Ina fita kasuwa da safe, ba na shiga gida sai bayan isha'i. In kuma an ce ni zan zauna in koyar, to kuɗin da na biya na mene ne? Da zan iya koyarwa a gida ai da ban kai ta ba.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:
Wallahi kamar kin shiga gidana, Maman Sadik. Nawa ma biyu ne, komai sau biyu nake yi.

Malamar aji ɗaya, cikin birni:
'Yar'uwa Maman Sadik, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki shi. Shekarata goma sha bakwai ina koyar da aji ɗaya da na biyu a makarantar gwamnati, bana yaran ajina sun haura tamanin. Bari in faɗa miki gaskiya ko da za ta yi ɗaci: mu malamai muna gane rubutun uwa tun daga nesa, ko da wane hannu aka yi shi. Yaro ɗan shida yana danna fensir har ya kusa huda takarda, haruffansa na hawa tudu suna gangarawa, wani ya juya baya. In na ga shafi tsaf, komai daidai, alhali a aji yaron bai iya raba b da d ba, na san an taya shi. Kuma cutar a kansa take ƙarewa. Ni dalilin da nake ba da aikin gida shi ne in gane wa ya fahimta, wa bai fahimta ba. Kuskuren yaro shi ke nuna min inda zan koma in maimaita. In kika goge kuskuren kika sa daidai, kin rufe min ido ke nan, zan wuce gaba ina tsammanin ya iya.

Abin da ake so daga ɗan aji ɗaya bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A farkon shekara ni burina yaro ya san sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, ya iya riƙe fensir, ya iya cewa Malama zan je bayi maimakon ya yi shiru har ya ɓata wando, ya iya zama minti goma ko sha biyar yana sauraro, ya jira layi, ya san littafinsa daban na abokinsa daban. Kafin ƙarshen shekara kuma ya san haruffa da sautinsu, ya haɗa baƙi da wasali ya karanta gajerun kalmomi kamar gida, rana, tebur, ya rubuta sunansa, ya ƙirga har ɗari, ya tara ya ɗebe ƙananan lambobi da tsakuwa ko da yatsa. Yaron da ya samu wannan ya samu tubali. Wanda bai samu ba, ko an cika masa jaka da littattafai goma, zai kai aji huɗu yana kwafar allo bai san me ya kwafa ba. Na ga irinsu ba adadi.

Alhaji Baban Ummi kuwa, ba wanda ya ce ka zama malami. Amma akwai abin da kuɗi ba ya saya min. Yaron da ya kwana yana kallon waya har sha ɗaya na dare, ya zo da safe bai karya ba, ya iso ƙarfe tara an riga an gama darasin karatu, ba fensir a jakarsa, don Allah me zan yi masa? Darasin da ya fi muhimmanci da sassafe muke yin sa, lokacin da kan yara yake a sake. Lokacin hunturu kuwa rabin ajina ba sa zuwa sai rana ta fito.

Baban Ummi, Sabon Gari:
Malama, na ji, kuma Allah ya saka. Amma ke kina maganar makarantar gwamnati ne. Mu da muka matse kanmu muka kai ta kuɗi, ai don a sauke mana wannan nauyin ne.

Wani malamin makarantar kuɗi, Samaru:
Alhaji, ni a ta kuɗi nake koyarwa, bari in ba ka labarin abin da ke faruwa daga ciki. Yawan aikin gidan nan da ake kuka da shi, iyaye ne suka jawo rabinsa. Na taɓa rage aikin gida zuwa littafi ɗaya a rana, ba a yi mako biyu ba iyaye uku suka zo wajen mai makaranta suna cewa ba a koyar da komai, makarantar maƙwabta tana ba da littafi biyar. Ɗaya ta ce za ta cire 'yarta. Mai makaranta ya kira ni ya ce in koma yadda ake yi. Sauran rabin kuma ciniki ne: an sayar wa iyaye littattafan aiki tun farkon zango, dole a cike su kafin ƙarshen shekara don a nuna ba a yi asarar kuɗi ba. Shi ya sa za ka ga ɗan nazire mai shekara huɗu ana sa shi rubuta ɗaya zuwa ɗari biyar, hannunsa bai ma yi ƙwarin riƙe fensir ba. Kowa yana auna makaranta da nauyin jaka. In da iyaye za su zo taro su ce da murya ɗaya a rage, wallahi gobe za a rage, don ba abin da mai makaranta yake tsoro kamar a cire masa yara.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:
Malam ka faɗi gaskiya. Ni ma na taɓa ƙorafin cewa ba a ba su aiki da yawa. Ban san haka abin yake komawa ba.

Kakar Amira, Kwarbai (jikata babba ce take rubuta min):
Ina gaishe ku 'ya'yana. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa da shi, amma jikoki huɗu sun tashi a hannuna, kuma dukkansu sun iya karatu. Da Amira ta shiga aji ɗaya na ɗauki mayafina na je na gaida malaminta, kamar yadda ake kai yaro makarantar allo a damƙa shi a hannun malam. Na ce masa ga amana, ga sunana, ga gidan da muke, in ka ga wani abu ka aiko. Daga ranar ya san yarinyar tana da mai ita.

In ta dawo ina tsinken shinkafa ko ina gyaran wake sai in ce zo ki karanta min abin da aka yi yau. Ba na gane baƙin, amma ina gane in tana karantawa ne ko haddacewa ta yi, don sai in ɗora yatsa a tsakiyar shafi in ce wannan fa? In ta yi shiru na san da saura. Lissafi kuma da waken nan muke yi, in ware bakwai in ce ba wa ƙaninki uku, saura nawa? In aike ta sayen magi in ce ta lissafo canji. Da dare in yi musu tatsuniya, gobe in ce ita ta maimaita wa ƙannenta. Ke Maman Sadik, ki daina rubuta masa, 'yata. Ki bar shi ya kai abin da hannunsa ya yi, ke kuma ki taka ki je ki ga malamar ido da ido. Gani ya kori ji.

Malamar aji ɗaya, cikin birni:
Allah ya ƙara girma, Iya. Wallahi da iyayen ajina goma kacal za su yi abin da kika yi, da na ga canji. Wannan ɗora yatsa a tsakiyar shafi shi ne gwajin da ni ma nake yi.

Abu Hanifa, Kongo:
Ina son in ƙara wani abu da nake ganin shi ne tushen wahalar Sadik da irinsa. Yaron nan da Hausa ya tashi, da ita yake tunani, da ita yake mafarki. Ranar farko a makaranta aka ɗora masa kaya biyu lokaci guda: ya koyi yadda alama a takarda take zama sauti, kuma ya koyi hakan cikin harshen da bai ji ba. Rubutun Hausa kuwa kusan yadda ka furta haka za ka rubuta, wasula biyar ne, yaro na kama ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu. Wanda ya fara iya karatu da harshensa, in ya zo na Turanci dabarar haɗa baƙi tana hannunsa, kalmomi kawai zai koya.

An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, yaran ba su zama koma-baya a Turancin ba, a sauran darussa ma sun yi fice. Tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana cewa a fara shekarun farko da harshen uwa ko na yankin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida, sai kuma a ƙarshen 2025 ministan ilimi ya sanar da an janye, an koma Turanci. Gwamnati na iya sauya tsari, amma ba wanda ya hana uwa ta koya wa ɗanta karatun Hausa a tsakar gidanta. Abin yana min ciwo a ce a Zariya, inda aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945 aka buga littattafan da Arewa duka ta koyi karatu da su, yau akwai makarantun da ake cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji.

Maman Nabila, Hanwa:
Malam Abu Hanifa, ina girmama ilimin ka, amma a nan ban yarda da kai ba. Jarabawar shiga sakandare da Turanci ake yi, WAEC da Turanci, JAMB da Turanci, neman aiki da Turanci. Ni na sha wahalar wannan a jami'a, ina da amsa a kaina amma ba ni da bakin faɗa, wasu da ba su kai ni fahimta ba suka wuce ni. Ba zan bar 'yata ta sha irin ta ba. Hausa ba za ta ɓace mata ba, tana jin ta a gida da titi da gidan kakanni. Turancin ne ba ta da inda za ta same shi sai makaranta.

Abu Hanifa, Kongo:
Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma ban ce a jefar da Turanci ba. A koya shi tun aji ɗaya, da baki, da waƙa, da hira. Abin da nake cewa shi ne jin Hausa daban, iya karanta ta daban, kuma iya karatun ne tsanin. Ki gwada Nabila yau: ki ba ta shafin da ta saba rerawa, sannan ki tambaye ta da Hausa me labarin ya ce.

Maman Nabila, Hanwa:
Zan gwada. Amma ko ta kasa, ni dai maganina ƙarin Turanci ne, ba ragi ba.

Tsohon hedimasta, Ƙofar Doka:
Na karanta duka tun daga sama. Ina da magana da iyaye maza, har da kai ƙanena Baban Ummi, kada ka ji haushi. Shekaru da dama na yi ina kiran taron iyaye da malamai. A aika takarda gida ɗari huɗu, a samu mutum talatin, yawancinsu mata da tsofaffi. Uba ba ya zuwa sai ranar da aka taɓa ɗansa, ranar kuwa zai zo da zafinsa har ofis. Akwai uban da na tambaya ajin da ɗansa yake, sai da ya waiwaya ya tambayi yaron. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ta kuma ɗora wa uba ko mai riƙo alhakin ganin yaro ya je. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda ake sa mai unguwa da iyaye da mata da malamai a ciki don al'umma ta sa ido. Inda kwamitin nan yake da rai, za ka ga an gyara rufin da iska ta yaye kafin damina, malami ma yana jin nauyin makara don ya san akwai masu lura.

Kuna tuna 2017, da gwamnatin jiharmu ta Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan yadda aka yi abin, ni ma ina da nawa, don na san mutanen kirki da abin ya rutsa da su. Amma tambayar da na riƙa yi wa kaina ita ce: duk shekarun nan ina iyaye suke? Da muna buɗe littafin yaranmu muna leƙa aji, da ba sai an jira jarabawa daga Kaduna ba kafin a san ajin da ake koyarwa da wanda ba a yi.

Baban Ummi, Sabon Gari:
Baba, ba zan ji haushinka ba, kai uba ne. Amma a duba mu ma. Ana sa taron nan ranar Asabar da hantsi, lokacin da kasuwa take ci. In na rufe shago ranar, kuɗin zango mai zuwa daga ina? Kuma in an je, maganar kuɗi ce kawai, a ce a kawo na kaza da na kaza. Ban taɓa jin an zauna an ce ga abin da 'yarka ta iya, ga abin da ba ta iya ba.

Tsohon hedimasta, Ƙofar Doka:
Wannan ƙorafin naka gaskiya ne, laifinmu ne mu masu kiran taron. Amma ba sai da taro ba. Sau ɗaya a zango ka kai Ummi da kanka, ka tsaya minti biyar ka gaisa da malamarta, ka karɓi lambarta. Ranar da ka yi haka ka dubi fuskar yarinyar.

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa:
A taƙaice daga ɓangarenmu. Yaro daga shekara shida zuwa goma sha biyu yana buƙatar barcin awa tara zuwa goma sha biyu. Wanda zai tashi shida na safe, ya kamata tara na dare ta same shi a kwance. Sannan kafin a kira yaro daƙiƙi a duba idonsa da kunnensa. In yana matse ido yana kallon allo, ko yana kai littafi dab da hanci, ko kunne na zubar da ruwa, ko sai an kira shi sau uku, a kai shi asibiti. Yara da yawa sun sha bulala a kan abin da tabarau ko maganin kunne zai gyara.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:
Tunda an ambaci bulala, Malama me za ki ce? Hassan ɗina tun da aka zane shi a kan aikin gida, kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo.

Malamar aji ɗaya, cikin birni:
Ba zan ce ban taɓa riƙe tsumagiya ba, na riƙe a shekarun farko, kuma ina nadama. Dukan ɗan shida a kan bai iya ba, ba ya sa ya iya, sai dai ya koya masa ɓoyewa da kwafa. Ita kanta Maman Sadik ai tsoron dukan ne ya sa ta ɗauki fensir. Ki je ki samu malamin Hassan cikin mutunci, ba a gaban yara ba, kada kuma ki zage shi a gida yaron na ji, don in yaro ya raina malaminsa karatu ya ƙare. In bai daina ba ki je wajen shugaban makaranta.

Sai kuma wannan tambaya ta ranar ba da sakamako, na nawa ka zo? Ni da za a bi tawa da an daina ta a aji ɗaya. A ajin da kowa bai iya ba ma akwai na ɗaya. Kuma akwai tazarar kusan shekara guda tsakanin babba da ƙaramin aji, a wannan shekarun kuwa wata goma ba ƙaramin abu ba ne. Ku tambaye shi me ya iya yanzu da bai iya ba a zangon da ya wuce.

Maman Sadik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana huɗu. Na bi maganar Iya Kakar Amira, na je da kaina bayan an tashi. Na faɗa wa malamar cewa ni nake ƙarasa masa. Ta ce ta sani tun mako na biyu, shi ya sa ta yi rubutun jan biron, kunya ce ta hana ta kira ni. Ta zaunar da Sadik a gabana ta ba shi shafi. Haruffan duk ya san sunansu, amma ya kasa haɗa biyu su zama kalma, kuma yana rikita b da d. Hawaye suka zo min, don ni a zatona yana cikin na gaba.

Mun yi da ita cewa littafi ɗaya zai riƙa yi a rana, wanda ta yi wa alama, minti goma sha biyar bayan ya ci abincin rana kafin Islamiyya, in bar kuskurensa yadda yake in sa hannu. Sauran littattafan ta ce ba ta da ikon soke su sai ta yi magana da mai makaranta, ta roƙi in samu wasu iyayen mu je tare. Maman 'Yan Biyu da duk wadda abin ya shafa a makarantarsu, ku ma ku gwada haka. Malama, wannan rikita b da d ɗin, akwai abin da zan yi masa a gida?

Malamar aji ɗaya, cikin birni:
Kada ki damu, yara da yawa suna yin sa har aji biyu. Kada ki koya masa su tare. Ki ɗauki b kaɗai mako guda, ya zana ta da yatsa a yashi ko a faranti da ɗan gari, babba, yana faɗin sautin: sanda tukuna, sannan ciki. Ku nemo abubuwan gida da suka fara da ita, buta, bokiti, bargo. Sai ta zauna masa sannan ki kawo d.

Baban Ummi, Sabon Gari:
Baba hedimasta, yau ni na kai Ummi. Malamar ta ce tana ƙoƙari a lissafi amma ba ta magana a aji, kuma kwana uku ke nan ba ta zo da fensir ba, ni kuwa dozin na saya a farkon zango. Zan bincika a gida. Maganar taro kuma na gaya wa shugabar makarantar, in za a mayar da shi Lahadi bayan la'asar, akwai mu huɗu a layinmu na kasuwa da za mu zo.